Dutse ko teku? Ina zan kai iyali hutun Disamba, a ba ni shawara

Abban_Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema don Allah. An ba ni hutun kwana 10 a wajen aiki daga tsakiyar Disamba, kuma tun bara na yi wa maiɗakina alkawarin bana sai mun bar Kano mun je wani wuri don hutawa kawai, ba biki ba, ba ta'aziyya ba, ba dubiya ba. To inda gizo ke saƙar, ita teku take son gani, tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba, ni kuma dutse nake so, wuri mai sanyi da shiru inda ko waya ba za ta dame ni ba. Yaranmu biyu, mai shekara 7 da mai 4. Abin da na ware bai kai miliyan ɗaya ba kuma da motata nake tunanin tafiya. Wanda ya taɓa zuwa wani wuri da ƙafarsa ya faɗa min gaskiya, ban da labarin hoton Facebook.

Sarkin_Zolaya: Malam a Disamba kana Kano kana neman sanyi? Ka fito ƙofar gida da asuba ba riga, kyauta ne, ka turo min miliyan ɗin 😂

Ɗan_Gembu: Wa alaikumus salam. Abban Hanifa in dai dutse da shiru kake so kar ka wahalar da kanka, ka zo Mambila. Ni a nan aka haife ni, ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba. Tudun ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, in ka hau za ka rantse ba a Najeriya kake ba, tuddai ne a jere kamar an kife ƙwarya an lulluɓe da ciyawa, shanu ko'ina, ga itatuwan zaiti, ga gonar shayi a Kakara da za ka tsaya ka ga yadda ake tsinkar ganyen da hannu. Zuma, fiya, ayaba, nono mai kyau duk araha. Hanya kuma daga Jalingo ka bi Bali, ka wuce Serti, ka iso Mayo Selbe a gindin dutse, daga nan hawa ya fara har Maisamari, Nguroje, sai Gembu. Amma teku kam babu, sai dai mu kai Hajiya kogin Donga ta shiga kwalekwale.

Direban_Dogon_Zango: Ɗan Gembu ka faɗi daɗin ka ɓoye wuyar. Abban Hanifa wace irin mota ce da kai tukunna? Don hawan nan daga Mayo Selbe ba wasa ba ne, kwana ce bayan kwana, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami. Hawan ma da sauƙi, saukowar ce matsala, ɗan birni sai ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, kafin ya kai rabi birkin ya yi zafi ya fara wari ya daina kamawa. Da giya ake sauka, ka sa ta a ɗaya ko biyu ka bar inji ya riƙe motar. Ni na taɓa tsayawa na taimaki wani mai iyali a nan, hayaƙi na fita daga tayar gaba, yana neman ya kwara mata ruwa na ce kar ka soma, ka bar ta ta huce da kanta. Kuma ka lissafa kwana biyu zuwa kwana biyu dawowa, Kano zuwa Jalingo yini ne, Jalingo zuwa Gembu wani yinin. Kada ka yi tafiyar dare ko da wasa.

Abban_Hanifa: Ƙaramar mota ce Oga, Corolla, amma lafiyarta ƙalau. Kwana huɗu a hanya da yara kam abin dubawa ne.

Ummu_Sadiq: Ni dai ina bayan matarka, kuma ba don ni mace ba ce. Kai ka ga dutse tun kana yaro, ga Dala ga Goron Dutse, in ka matsa Zariya ga Kufena. Ita kuwa abin da take nema babu irinsa a Arewa gaba ɗaya. Ranar da na fara ganin teku a Legas wallahi sai da na yi shiru na kusan minti goma, ƙarar ce ta fara ba ni tsoro tun kafin mu ƙarasa, kamar ana ta sauke tifar yashi ba tsayawa. Na cire takalmi na tsaya a bakin, ruwan ya zo ya shafi ƙafata ya koma, sai na ji yashin yana zamewa a ƙarƙashin dugadugina kamar ƙasar za ta tafi da ni, na ƙwalla ƙara maigidan yana ta min dariya. Na ɗanɗana kuma, gishiri ne zalla har da ɗaci. Shekara shida ke nan ban manta ba. Ka kai ta.

Baffa_Mai_Goro: Ikon Allah. Yaran zamani. Mutum ya ɗauki kuɗi kusan miliyan ya je ya kalli ruwa ya dawo. Mu mun yi Shagamu mun yi Ikko mun yi Kumasi tun ana shiga bayan gingimari, amma da dalili muke zuwa, mu saro mu sayar. Ɗana ka sayi buhunan shinkafa da masara ka ajiye, ko ka kai iyalinka ƙauye su gaida dangi, shi ma hutu ne.

Ummu_Sadiq: Baffa da girmanka, amma zuwa ƙauye hutun maza ne. Mu in mun je daga murhu sai rijiya, mu dawo mun fi gajiya.

Maman_Ilham: Ummu Sadiq Allah ya biya ki, kin faɗi abin da ke raina.

Almajirin_Zaure: Baffa ba almubazzaranci ba ne in mutum ya sauke haƙƙoƙin da ke kansa kuma ba bashi ya ci ba. Kyautata wa iyali ibada ce, kuma an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba halitta. Abin da zan tunatar kawai shi ne sallah, a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48 ana yin ƙasaru, amma in ka isa wuri da niyyar zaman kwana huɗu cikakku to ka koma cika sallarka. Sai kuma a zaɓi wurin da ido zai huta, don wasu bakin tekun ranar Asabar da Lahadi ba wurin kai yara ba ne.

Bakanon_Agege: Maganar Almajiri gaskiya ce, ni shekarata 14 a Legas. In za ku zo ku je bakin ruwa ranar Talata ko Laraba da safe, ba kiɗa ba cunkoso, ku da masu dawaki da masu sayar da kwakwa kawai. Amma Disamba a Legas, hmm, lokacin ne 'yan ƙasar waje suke dawowa, otal ya yi tsada, go-slow ya ninka, hanyar Lekki sai ka yi awa uku ba ka je ko'ina ba. Kuma yawancin bakin tekun yanzu na kuɗi ne, ka biya a ƙofa, ka biya wurin ajiye mota, ka biya rumfa, wani wurin ma in ka shigo da kularka ta abinci sai ka biya. Bar Beach da iyayenmu suke ba da labari babu shi, an cike wurin da yashi an yi Eko Atlantic. Ni shawarata Badagry, ya fi natsuwa, ga gidan benen da aka gina a 1845 wanda ake cewa shi ne na farko a Najeriya, ga wurin tarihin cinikin bayi, a tsallaka da ku a jirgin ruwa zuwa Gberefu ku taka har bakin tekun da a da ake loda bayi. Ko Tarkwa Bay, shi ma da jirgin ruwa ake zuwa, ruwansa ya fi kwanciya saboda katangar duwatsun da aka yi wa mashigar tashar jiragen ruwa. Abinci kuwa kar ka damu, Agege, Idi Araba, Obalende, tuwo da miyar kuka har sai ka ture.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka yarda wai ka iya ruwa. Iyon kududdufi da na dam daban, teku daban. Akwai inda ruwan yake ja ta ƙasa ya koma ciki da ƙarfi, daga sama ba ka ganin komai, mutum yana tsaye iya gwiwa sai ka ga ya yi nisa. Yara kuma hannunsu a naka ko da yaushe, ko hoto za ka ɗauka.

Tsohon_Kofa: Me ya sa ba wanda ya ambaci Kuros Riba? A can na yi bautar ƙasa. Jifa ɗaya tsuntsu biyu, ku hau Obudu ku yi kwana uku, shi ne wuri mafi tsayi a Najeriya, sannan ku gangara Kalaba Hajiya ta ga teku. Obudu asalinsa gidan kiwon shanu ne da wani Bature ya kafa a 1951, hanyar hawan kilomita 11 ce mai lanƙwasa 22, zamanin gwamna Donald Duke aka sa keken nan mai tafiya a kan waya a sama. Da safe gajimare yana shigowa har baranda, ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka sosai.

Ɗan_Gembu: Tsohon Kofa gyara kaɗan, Obudu bai kai mita 1,600 ba ma. Wuri mafi tsayi a Najeriya Chappal Waddi ne, mu muna ce masa Gangirwal, mita 2,419, yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti a kan iyakar Kamaru, wato a jiharmu. Kar a ƙwace mana abin da Allah ya ba mu 😄

Injiniya_Eket: Gyara na biyu, Kalaba ba a bakin teku take ba, a bakin kogi take. Za ta ga ruwa da jirage a Marina amma ba za ta ga igiyar ruwa tana dukan yashi ba. In teku na gaske ake so a wannan ɓangaren sai Ibeno a Akwa Ibom, kusa da Eket inda nake aiki, yashi ne mai tsawon gaske ka yi ta tafiya ba ka ga ƙarshensa ba. Kuma Obudu zuwa Kalaba ba kusa ba ne yadda ka faɗa kamar an gangara, tafiyar awanni ce masu yawa. Sannan Disamba watan kanibal ne a Kalaba, ɗaki sai wanda ya kama tun da wuri, shigar masu rawar kuma ba lallai Malam ya so yaransa su gani ba.

Tsohon_Kofa: To na karɓi gyara biyu a zama ɗaya, Allah ya ƙara ilimi. Amma kyan Obudu dai ba wanda zai gyara min shi. Sai dai duk mai zuwa ya kira ya tambaya tukunna me ke aiki me ba ya aiki a lokacin, kar ya dogara da bidiyon shekara goma da suka wuce.

Yar_Tudun_Jos: Ku kuna ta kai mutum ƙarshen duniya da yara ƙanana. Jos fa? Ya tashi Kano da safe ya yi azahar a Jos. Tudu ne mai kusan mita 1,200, sanyin Disamba a nan sai ka sa safa biyu. Ga duwatsun Shere a bayan gari in hawa yake so, ga ruwan Assop a kan hanyar Akwanga, ga dutsen Riyom da aka ɗora kamar da hannu. Yara a kai su gidan namun daji da gidan tarihi, wanda tun 1952 yake, a gefensa akwai inda aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya, Bakano ya zo Jos ya ga ganuwarsa. Ku dawo da but cike da dankalin turawa da kabeji da karas daga Farin Gada, in an dace har da strawberry. Kuɗin da ya rage ya isa a biya wa Hajiya jirgi zuwa Legas wani lokacin.

Sarkin_Zolaya: "Wani lokacin" ɗin nan shi ne kabarin alkawuran mazan Hausawa. Babata tun 1998 ake ce mata wani lokacin.

Maman_Ilham: Yar Jos tsakani da Allah lafiya lau ne yanzu? Ni abin da ke hana ni ke nan, kullum sai ka ji wani abu a Barikin Ladi ko Bokkos ko Mangu.

Yar_Tudun_Jos: Maman Ilham ba zan ce miki babu ba, ana samu, yawanci a ƙauyuka ne. Cikin gari muna harkokinmu. Abin da muke gaya wa baƙo shi ne ya samu ɗan gari ya riƙa tambaya kafin ya fita bayan gari, ya san unguwar da zai sauka, kuma magariba ta yi masa a masauki. Ai hanyoyin Zamfara da Birnin Gwari ma ba mu kai su ba.

Na_Wunti: Tunda an zo kusa bari na sa baki. Daga Jos ya ƙarasa Bauci ya shiga Yankari, yara za su fi kowa morewa. Ruwan Wikki yana fitowa ne daga ƙarƙashin dutse, garau kamar gilashi kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi, kuma ɗuminsa ɗaya dare da rana, digiri 31, a sanyin Disamba ka shiga da sassafe tururi na tashi ba ka son fita. Akwai gefe marar zurfi da yara za su iya wasa. Rani ne ma lokacin ganin dabbobi don ciyawa ta bushe suna taruwa wajen kogin Gaji, giwa dai sa'a ce, wani ya gani wani ya ga kashinta kawai. Amma gwaggon biri kam ba sai ka nema ba shi zai neme ka. Mu da muka je, ƙanwata ta fito da ledar burodi da filas za ta kai ɗaki, wani ƙato ya taho a tsanake kamar mai karɓar haraji, ya fizge ledar ya hau kan mota ya zauna, ya kwance ƙullin da hannu yana ci yana kallonmu. Ku rufe ƙofa da taga, kuma kar a ba yaro abinci a hannu a waje.

Abban_Hanifa: Hhhh Hanifa tana gefena na karanta mata labarin birin, yanzu ta ce ita can za a je. Kun ƙara min rigima, da biyu ce yanzu ta zama uku.

Hajiya_Nima: Salamu alaikum, gaisuwa daga Ankara. Ɗana in kana da fasfo ku zo Ghana, teku muna da shi har ya ishe mu. Ku sauka Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, Hausa za ku ji ko'ina, da safe koko da ƙosai, da rana waakye wanda sunan ma daga wake ya fito, da dare tuwon zafi. Labadi yana cikin gari. Amma abin da nake so ku gani Cape Coast ne da Elmina. Ginin Elmina Turawan Fotugal suka yi shi tun 1482. Ni na shiga ɗakin da a da ake tara bayi mata a ƙasa, duhu, iska ba ta shiga sai ta wata 'yar kafa, har yau akwai wani wari da ba ya fita, a sama kuma ɗakin gwamna ne mai tagogi iskar teku na kaɗawa. Na fito ban iya cin abinci ba ranar. Kuma ku sani da yawa cikin waɗanda aka bi da su ta nan daga arewa aka kawo su ta kasuwar Salaga, hanyar da kakanninmu fataken goro suke bi zuwa Gwanja. Bayan nan ku je Kakum ku hau gadar igiya a saman itatuwa ku wartsake. Dutse kuma akwai Aburi kusa da Ankara, sanyi-sanyi, da lambun itatuwa tun 1890.

Sarkin_Zolaya: Hajiya da kika ce Ankara na ɗauka Turkiyya za a kai mu da Corolla.

Baffa_Mai_Goro: Yaro ba ka san komai ba, Ankara sunan Accra ne a bakin Bahaushe tun kafin a haifi babanka. Hajiya ina gaisuwa, kin tuna min da Salaga. To in dai Gwanja za a je a ga inda kakanni suka taka, wannan na yarda tafiya ce mai dalili.

Ummu_Sadiq: Alhamdu lillahi Baffa ya sauko 😂

Direban_Dogon_Zango: Hajiya Ghana da daɗi amma ku lissafa boda. Daga Legas akwai Seme, akwai Hilakonji tsakanin Benin da Togo, akwai Aflao, uku ke nan, kowacce sai an sauka an buga fasfo, yara ma kowa da nasa, ga katin rigakafin shawara da ake tambaya. In da motarka ce ga takardun mota na fita waje, wahalar ta fi ƙarfin hutun kwana 10. Gara ya ajiye motar ya hau bas. Kuma naira in ta koma sidi ko sefa sai ka ga ta narke a hannu. In dai tekun ƙasar waje ake marmari ya tsaya a Kwatano, boda ɗaya ce, ga bakin ruwa a Fijirose, ga Wida ba nisa, ga Ganbiye garin da aka gina a kan ruwa.

Ɗan_Garwa: Jama'a abin da Abban Hanifa ke nema, dutse da teku wuri guda, Allah ya ajiye shi a Kamaru. Limbe. Kana tsaye a bakin teku yashin baƙi ne saboda aman wuta na dutsen, ka juya baya ga Dutsen Kamaru sama da mita 4,000 ya tokare sama. Sai dai yankin masu Ingilishi ne, kuma tun wajen 2016 ake rikici a can, ni kaina yanzu ba zan ɗauki yara na kai su ba sai na tambaya sosai. Wanda ya fi kwanciyar hankali Kribi ne a kudu, farin yashi, kuma kaɗan da fita gari akwai inda kogin Lobe yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, masu kwalekwale su kai ka har gindinsa ruwan na fesa maka. Kifi da jatan lande a gasa maka a gabanka. In ta Yola kuka shigo ku zo Garwa, ku wuce Ngaundere ku hau jirgin ƙasa na dare, gari na wayewa kuna Yawunde, ku sauka Birkitari unguwar Hausawa ku ci soya. Amma a sani sefarmu daban da ta Nijar da Benin, kar a yi canji a Kano a kawo wadda ba ta ci a nan.

Ɗan_Abzin: Gaisuwa daga Agadas. Ni ba ni da teku sai na rairayi, amma in maganar duwatsu ake a yi adalci a ambaci Abzin. Dutsen Bagzan ya wuce mita 2,000, akwai garuruwa a samansa da lambuna. Timiya kuma kana cikin baƙaƙen duwatsu ba ka tsammanin komi sai ga lemu da rumman da dabino da ruwa na zubowa. Cikin gari ga hasumiyar masallacinmu ta laka mita 27, tun ƙarni na 16. Gaskiya dai yanzu fita bayan gari sai da rakiya da izini, ba tafiyar iyali ba ce a wannan lokaci, na faɗa ne don a san akwai. Allah ya kawo lafiya ku zo ku sha shayi.

Almajirin_Zaure: Amin Ɗan Abzin. Abin ya ba ni tausayi, Sukur a Madagali ma haka, wurin farko da hukumar UNESCO ta sa a jerinta na wuraren tarihi na duniya daga Najeriya a 1999, ga Rumsiki a tsallaken iyaka, duk wuraren da a da ake zuwa hankali kwance.

Ɗan_Gembu: Bari na dawo da mu kan tambayar, kuma na faɗi abin da zai rage min kasuwa. Abban Hanifa in koren nan na hoto kake so, Disamba ba lokacinsa ba ne sosai, ciyawa ta fara bushewa, wani wurin an ƙone, hazo kuma yana rufe nesa. Mafi kyau ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Amfanin Disamba hanya a bushe take ba santsi. Sanyi kuma na gaske ne, baƙon da na sauka da shi bara daga Katsina da asuba ya sa hannu a buta ya ce wa ya zuba ƙanƙara, sai da muka ɗora masa ruwa a wuta kullum. Ku zo da suwaita da hular sanyi na yara da bargonku, masaukai a nan masu sauƙi ne ba irin na Abuja ba, wuta ma ba kullum ba. Netwok akwai a gari, in ka fita ya ɗauke, wanda na ga kamar abin da kake so ke nan. Fulatanci ya fi yawo a kasuwa amma Hausa za ta kai ka ko'ina.

Maman_Ilham: Ni fa har yanzu ban ji an tambayi abu ɗaya ba, wa zai yi girki a tafiyar? In za a ɗauki risho da tukunya a but to a bar baiwar Allah a gidanta.

Abban_Hanifa: Maman Ilham wallahi har na sa ƙaramin gas a lissafi, yanzu na goge 🙈 Na gode ƙwarai jama'a. Na miƙa mata wayar ta karanta da kanta tun daga sama. Da ta zo kan Ummu Sadiq ta ce ka ji ko, da ta zo kan Kribi ta ce a nemo mata hoton ruwan da ke zuba a teku, mu kuma ko fasfo yaran ba su da shi. Ni zuciyata tana Mambila amma maganar birki ta tsaya min a rai. Abin da nake juyawa yanzu, ko mu yi Jos da Yankari kwana biyar da mota, mu dawo Kano mu hau jirgi ni da ita kawai mu yi kwana uku a Legas yara suna wajen kakarsu, in kuɗin ya kai. Bakanon Agege, Badagry ana iya kwana a can ko sai an dawo cikin gari?

Bakanon_Agege: Ana kwana, akwai masaukai, ya ma fi maka don hanyar Badagry in ta cushe ba a magana. Amma ka duba kuɗin tikitin jirgi yau ɗin nan kafin ka yi mata alkawari na biyu, na Disamba kullum hawa yake.

Tsohon_Kofa: Obudu dai an yi min shiru.

Ɗan_Gembu: Direba, in ya ajiye Corolla a Jalingo ya hau motar haya ta 'yan hanya fa? Su kullum suke hawa da sauka.

Direban_Dogon_Zango: Hakan ya fi, amma ya sayi kujerun baya gaba ɗaya don kar a cusa musu mutum na biyar, kuma a tafi da leda, yara suna amai a kwane-kwanen hanyar nan.